Sabar ajiya a gida wadda ba ta ƙara kuma ba ta shan wuta, wa ya taɓa haɗawa?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Hotuna da bidiyon gidanmu duk sun watse, wasu a wayata, wasu a wayar maman yara, wasu a tsohon laftof, wasu a diski biyu na USB da ni kaina ban san wanne ne ya fi cika ba. Sai na ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur da ke jibge a lungu na cusa mata diski uku na ɗora Samba, manhajar raba folda, yanzu kowa a gidan yana ganin folda ta wifi. Aiki kam tana yi. Matsalar ƙara ce, kamar an tada inji a falo, kwana biyu ta yi aka ce min ko ni ko ita. Na kuma sa mitar soket na auna, wat 68 take ja alhali ba abin da take yi sai zama. So nake in haɗa wata daga farko wadda za ta riƙa kwana a kunne ba ta dami kowa ba, ba ta kuma cinye wuta ba. Kayan da nake da su yanzu sun kusa TB 3, suna ƙaruwa a hankali. Raspberry Pi zan nema, 'yar kwamfutar nan mai kamar tafin hannu, ko ƙaramin bod mai furosesar Intel N100, ko in haƙura in sayi NAS, wato akwatin ajiya haɗaɗɗe, in huta?

Sadi_Lantarki:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga me za ka saya, riƙe lissafin nan. Shekara awa 8,760 ce, kenan duk wat 1 da na'ura ke ja dare da rana ya tashi kWh 8.76 a shekara. Wat 68 ɗinka kusan yunit 596 ne. In ka sauko wat 15, yunit 131. Ka ninka bambancin da kuɗin yunit a inda kake, sai ka san iyakar abin da ya kamata ka kashe a sabon kaya. Na faɗi haka ne don na sha ganin mutum ya zuba kuɗi masu yawa don ya rage wat 3, sai ya yi shekara goma bai mayar ba.

danPi:
Oga Raspberry Pi 5 kawai kar ka wahalar da kanka. Wat 3 ko 4 yake ja in yana zaune, kuma tun da ya fito a 2023 suka sa masa hanyar PCIe ta jona ƙarin kaya, akwai ƙananan alluna da ake ɗora masa su ba ka SATA, wato ramin jona diski. Ka sa manhajar ajiya ta OpenMediaVault shi kenan. Nawa yana bayan talabijin ko matata ba ta san yana nan ba hhhh

Ummu_Hanif:
@danPi diski nawa ka haɗa masa, kuma wane iri? Don manyan nan masu inci 3.5 bolt 12 suke buƙata, shi kuwa Pi bolt 5 yake ci, ka ga dole a ƙaro wata caja daban, kafin ka ankara wayoyi sun harɗe a bayan talabijin ɗin. Ni da Pi 4 na fara, diski biyu ta USB. Abin da ya kore ni akwatin USB ɗin ne, haka kawai yakan saki diski cikin dare in wayi gari folda ta ɓace sai na zare na mayar, kuma bai taɓa bari na karanta SMART, rahoton lafiyar diski, ba, wato ko diskin na ciwo ba ni da labari. Ba laifin Pi ba ne, amma yanzu duk ajiyar da ta bi ta USB ina ɗari-ɗari da ita.

danPi:
SSD ɗaya ne Hajiya, TB 1

Ummu_Hanif:
To ai ka ga. Shi bawan Allah yana da TB 3 tun kafin ya fara.

Kabiru_Linux:
Ni N100 zan ce. A farkon 2023 Intel ta fitar da shi, ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, TDP ɗinsa wat 6, akwai bod ɗin da ƙarfen sanyaya kawai ke kansa babu fanka ko ɗaya. Abin da ya fi Pi da shi nesa ba kusa ba shi ne Quick Sync, sashen sauya bidiyo da ke jikinsa, in wata rana ka sa Jellyfin, manhajar kallon bidiyon da ke kan saba, kana son kallon bidiyo a waya zai sauya maka bidiyon cikin sauƙi ba tare da ya yi gumi ba, shi Pi 5 ba shi da abin matse bidiyo na H.264 a jikinsa sai dai furosesa ya sha wahala. Amma ka sani layin PCIe 9 kawai gare shi, RAM hanya ɗaya, Intel kuma GB 16 ta rubuta a matsayin iyaka. Bod da yawa ramin SATA ɗaya ko biyu ne, ka ƙirga kafin ka biya. Kuma kar wat 6 ɗin ya ruɗe ka, wannan maganar zafin furosesa ce, ba abin da mita za ta nuna maka a soket ba.

Dattijo_Unix:
Yara kuna ta musu a kan furosesa alhali ba nan gizo ke saƙar ba. A sabar ajiya diski ne ke shan wuta, diski ne ke ƙara, diski ne ke zafi, diski ne kuma zai mutu ya bar ka da kuka. Kowane mai inci 3.5 yana jan wat 3 zuwa 6 yana juyawa a banza, in yana aiki ya ɗara haka, lokacin tashi kuwa yakan fizgi wat 20 ko fiye na 'yan daƙiƙu. Ka jera huɗu ka ga sun fi bod ɗin da Kabiru ke yabo ci. Saboda haka tambayar farko ita ce diski nawa kake buƙata, amsar kuma ita ce mafi ƙarancin da zai ishe ka. Mai TB 3 ya sayi biyu masu TB 8 ya yi musu madubi, abin da aka rubuta a wannan a rubuta a wancan, ya ishe shi shekaru. In ka kunna ka ga 7.28 maimakon 8 kar ka ce an cuce ka, masu ƙera diski da 1,000 suke ƙirga, kwamfuta da 1,024. Bayan ka gama wannan shawarar, bod ɗin da ka ga dama ka saka, bambancin kaɗan ne.

Auwal_RAID:
Baba da girmanka, amma madubi ai asarar rabi ce. Diski huɗu masu TB 4 a RAID 5 ko RAIDZ1, wato a haɗe su zama ajiya ɗaya mai kariya, za su ba shi TB 12, ɗaya kawai ya tafi a kariya. Kuma tun OpenZFS 2.3 da ya fito a Janairun 2025 ana iya ƙara diski ɗaya a RAIDZ ba sai an rushe ba, wannan tsohon uzurin ya ƙare.

Dattijo_Unix:
Gaskiyarka a lissafin wuri ɗana. Amma waye ya ce yana neman TB 12? Shiru ya ce yana nema da ƙarancin wuta. Huɗu suna juyawa tare, duk fayil ɗin da ka taɓa sai an tashi dukkansu. Ranar da ɗaya ya mutu kuma sai an karance sauran ukun kaf kafin a gina sabo, awanni kana zaune zuciya a hannu, su kuma sa'annin juna ne rana ɗaya aka saye su. A madubi kwafi ne kawai daga wannan zuwa wancan, kuma diski ɗaya da ya rage cikakke ne, ko a wata kwamfuta ka sa shi za ka ga kayanka.

Nana_Fiddausi:
Don Allah kafin ku yi nisa bari in faɗi abin da ya same ni ko wani zai tsira. Madubi gare ni, ina ta alfahari. Ran nan ina gyara folda da dare ido ya yi nauyi na goge ta hotunan shekara biyu, na ɗauka kwafi ce. Madubin ya yi aikinsa tsaf, ya goge a diski biyun a lokaci guda. Wallahi na kwana uku ban yi magana da kowa sosai ba. Kaɗan na samo a tsohuwar waya, sauran sun tafi har da na haihuwar autana. RAID yana kare ka ne daga mutuwar diski kawai, ba ya kare ka daga hannunka, ko ɓarawo, ko gobara, ko tsawa. Ka bi ƙa'idar 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya ba a gidanka ba. Kuma in tsarin fayil na ZFS ko Btrfs ka sa ka kunna sinafshot, mai riƙe yadda fayiloli suke a wani lokaci, ya riƙa ɗauka kullum da kansa, da ina da shi a minti biyu zan dawo da komai.

Ummu_Hanif:
Allah sarki Nana, Allah ya mayar da alheri. Ni tun da na ji irin wannan nake ajiye diski ɗaya a gidan yayata, duk wata in karɓo in sabunta in mayar.

Baban_Ilham:
Subhanallah, Hajiya Nana sannu, jikina ya yi sanyi gaskiya don ni ma da na ɗauka madubi ya gama komai. Diskin USB biyun nan da nake shirin sayarwa ashe suna da aiki. Na gode kowa. To Baba Dattijo na karɓi maganar diski biyu, amma wane iri? Na ga wasu an rubuta na NAS, wasu na kamara, wasu na sabar manyan kamfanoni kuma na hannu suna araha. Sannan in bar su suna juyawa kullum ko in sa su barci in ba a amfani?

Kabiru_Linux:
Abu na farko ka tabbata salon rubutunsa CMR ne, mai layuka a ware, ba SMR ba. A SMR layukan rubutu hawa kan juna suke kamar jerin kwanon rufi, in za a gyara ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa, to in aka daɗe ana rubutu ba hutu sai gudunsa ya faɗi ƙasa warwas, wajen sake gina RAID kuma nan ne abin ke tashi. A 2020 aka yi ta surutu da aka gano wasu WD Red masu TB 2 zuwa 6 SMR ne ba a faɗa ba, daga baya kamfanin ya ware CMR ɗin ya kira su Red Plus. Seagate IronWolf ma CMR ne. Ka duba lambar samfurin a takardar bayanan kamfani, kar ka tsaya a kalar kwali. Na manyan kamfanonin nan kuwa ƙarfi gare su amma sau 7200 suke juyawa a minti kuma ba a ƙera su don falo ba, in suna neman fayil za ka ji ƙwas ƙwas har ɗaki na gaba. Masu 5400 sun fi shiru da sanyi, kuma gudunsu ya fi ƙarfin wayar netwok ta gigabit ɗinka, wanda iyakarsa MB 125 a daƙiƙa a takarda, a zahiri 110 da ɗan wani abu.

zaki_root:
ƙari kan na Kabiru, in na hannu ka saya kar ka zuba masa komai sai ka yi masa dogon gwajin SMART ka duba lamba 5 da 197 da 198, masu ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa a diskin, in ba sifili ba ne ka mayar wa mai shi. lamba 9 kuma za ta gaya maka awa nawa ya yi a kunne

Sadi_Lantarki:
Maganar barci, ni ina sa su barci. Diski mai barci bai kai wat 1 ba, biyu suna juyawa kuwa kusan wat 8 zuwa 10 ne, sabar gida kuma awa nawa ake taɓa ta a rana? Biyu ko uku. Na sa nawa minti 30 in ba a taɓa ba su kwanta. Abin da kawai za ka jure shi ne jiran daƙiƙa goma in ka buɗe folda.

Auwal_RAID:
A'a Injiniya, tashi da kwanciya ne ke kashe diski. Mota ma ai tayarwa ce ke cin inji. Ni nawa shekara biyar ba su taɓa tsayawa ba kuma lafiyarsu ƙalau.

Dattijo_Unix:
Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. Diskin NAS na yanzu a takardarsu za ka ga an rubuta suna jure ajiye kan allura da ɗaga shi har sau 600,000, wanda ke tashi sau huɗu ko biyar a rana ba zai ga ƙarshen wannan ba. Abin da ke illa shi ne ka sa minti 5, wata manhaja kuma tana leƙa diskin duk minti 10, sai ya wuni yana tashi yana kwanciya, ba ka samu shirun ba, ba ka samu ragin wutar ba, ka kuma gajiyar da shi. Ko dai ya yi barci na gaske ko ka ƙyale shi ya yi ta juyawa.

Ummu_Hanif:
Wannan leƙen shi ya ba ni wahala wata guda cur. Na sa barci sun ƙi kwanciya, ashe log da ma'ajiyar bayanan manhajar hotuna duk a kansu suke rubutu. Sai da na sa ƙaramin SSD na kwashe tsarin aiki da Docker da duk tarkacen da ke motsi na mayar can, manyan diskin suka zama na hotuna da bidiyo zalla, sannan aka samu lafiya. Masu manhajar ajiya ta TrueNAS ku duba inda system dataset ɗinku yake, wato inda take rubuta bayanan kanta, in yana kan manyan diski ba za su runtsa ba. Wanda kuma yake da diski da yawa masu girma daban-daban ya duba manhajar Unraid ko mergerfs da SnapRAID, a nan kowane fayil a diski ɗaya yake zaune, wanda ake buƙata kaɗai ke tashi. Unraid dai na kuɗi ne.

Habu_Makaniki:
Ni ba ɗan kwamfuta ba ne sosai amma ƙara sana'ata ce. Yawancin abin da ke damun kunne ba kukan diskin ba ne, girgiza ce. Diski na juyawa, ya ba ƙarfen akwati, akwati ya ba tebur, teburin katako kuma ya zama ganga. In biyu ne ma gudunsu ya ɗan saɓa sai ka ji wuuu wuuu yana hawa yana sauka, wannan ya fi komai hana barci. Ka ɗaura su da kusoshi masu roba, ka sa wa akwatin ƙafafun roba ko ka ɗora shi kan soso mai tauri, kuma a ƙasa kan siminti ya fi kan kanta. Fanka kuma babba ɗaya mai milimita 120 ko 140 tana juyawa a hankali ta fi ƙanana uku masu ihu, 'yan milimita 40 ɗin nan su ne shaiɗanu. In kana duba lambar dB, ma'aunin ƙara, ka tuna ƙarin 10 kunne na jin sa kamar ninki biyu ne. Amma kar neman shiru ya sa ka cire fanka gaba ɗaya ko ka kulle ta a durowa, diski na son iska ta ratsa shi, ni in nawa ya haura digiri 45 hankalina ba ya kwanciya.

danPi:
Malam Habu ashe kai ne injiniyan gaske a nan hhh, ganga fa ka ce

Bilkisu_Dev:
Ni fa ban gane wahalar nan da kuke sha ba. TB 3 ne kawai. SSD biyu masu TB 4 a ƙaramar kwamfuta marar fanka, babu juyawa babu girgiza babu jiran tashi, in suna zaune abin da suke ja bai taka kara ya karya ba. Tawa a ɗakin kwana take kan shelf, fitilarta kawai na rufe da salatif.

Kabiru_Linux:
Shiru kam babu kamar SSD, ba musu. Aljihu ne ke magana, kowane TB ya ninka na diski mai juyawa, kuma bidiyon waya na yanzu ba ya wasa, minti ɗaya na 4K ɗaruruwan MB ne, TB 4 zai cika yana ji yana gani. Sannan SSD in zai mutu sau da yawa ba ya sallama.

Bilkisu_Dev:
Shi ya sa na ce biyu, kuma ga maganar Nana. Wanda ke ajiye duk bidiyon da aka turo masa a waya ai ko TB 20 ba za ta ishe shi ba, a riƙa share shara mana.

Alhaji_Sauki:
Ni dai tsoho ne ba ni da lokacin kwance-kwance. Haɗaɗɗe na saya mai ɗaukar diski biyu, na zura, na bi abin da ya ce a allo, shekara huɗu kenan. Wayoyin gida duk suna tura hotuna da kansu. Ƙararsa sai ka kasa kunne. In kana son koyo ka haɗa da kanka, in ajiya kawai kake so kar yaran nan su sa ka kwana kana buga umarni a baƙin allo. Har daga wajen gida ina shiga, ɗana ya buɗe min hanya a rauta.

zaki_root:
Alhaji don Allah yau ɗin nan ka sa ya rufe hanyar nan. manhajojin garkuwa da fayil, a 2021 Qlocker, a 2022 DeadBolt, NAS ɗin da ke fuskantar intanet kai tsaye suka bi suna kulle fayilolin mutane suna neman kuɗin fansa da Bitcoin, na QNAP da yawa abin ya shafa. ba ruwansu da kai waye, na'ura ce ke zagaye tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. a kashe UPnP a rauta mai buɗe hanya da kansa, a shiga ta rufaffiyar hanya irin WireGuard ko Tailscale, a kashe SMB1 tsohon salon raba folda, shi ne ƙofar da harin WannaCry ya bi a 2017, a kuma riƙa sabunta manhaja. wannan ya shafi masu haɗawa da kansu ma

Alhaji_Sauki:
Ikon Allah. To na tura masa saƙonka yadda yake, Allah ya yi albarka.

Musty99:
wai ni duk wannan wahalar me ya hana ku biya kuɗin cloud kawai

Nana_Fiddausi:
Musty ka taɓa gwada tura TB 3 ta intanet ɗin gida? Kuma biya ne wata-wata har abada. Amma a matsayin kwafin waje na hotuna masu muhimmanci ina amfani da shi, a rufe da kalmar sirri kafin ya bar gida.

Auwal_RAID:
Tunda ZFS ake ta ambata, ku gaya masa gaskiya sai da RAM mai ECC, mai gyara kuskure da kansa, da kuma GB 1 a kan kowane TB, N100 ɗinku ba zai iya ba.

Kabiru_Linux:
Auwal wannan maganar ta daɗe tana yawo amma ba doka ba ce. ZFS yana amfani da RAM ɗin da ya samu a banza ne ya riƙe abin da ake yawan karantawa, in babu yawa sai ya rage, abin da ke cin RAM da gaske dedup ne, wato cire bayanan da suka maimaitu, kuma ba mai kunna shi a gida. TrueNAS GB 8 suka ce mafi ƙaranci. ECC abu ne mai kyau ga kowane tsarin fayil, in ka samu ka sa, rashinsa bai sa ZFS ya fi ext4, tsarin fayil na Linux da aka saba, haɗari ba. Ribar ZFS ita ce yana lissafa hatimin kowane gutsuren bayani, in ka yi scrub duk wata ya karance komai, wanda ya lalace a diski ɗaya ya gyara daga ɗayan. Hoto na iya ruɓewa shiru shekaru ba ka sani ba sai ranar da ka buɗe ka ga rabinsa toka.

Sadi_Lantarki:
Mu dawo kan wuta, akwai ɓarawon da ba wanda ya ambata, akwatin wutar kwamfutar kansa. Tambarin 80 Plus, shaidar cewa akwatin ba ya ɓarnar wuta, a lodin kashi 20 da 50 da 100 ake gwada shi, matakin Titanium ne ake gwadawa har a kashi 10. Ka sa mai wat 600 a sabar da ke jan wat 20, kana wajen kashi 3 kenan, inda ba wanda ya yi maka alkawarin komai, wani kaso mai kyau na tafiya a zafi. Ga diski biyu ɗan ƙaramin akwatin wuta na picoPSU da caja mai kyau ta bolt 12 sun wadatar, sai dai ka bar sarari saboda fizgar tashi da Baba ya faɗa. UPS ma yana da nasa cin ko ba komai a kansa, amma ni ba zan bar saba babu shi ba, ƙarami mai USB ya isa, ka haɗa da manhajar NUT in wuta ta ɗauke batir ya yi ƙasa ta kashe kanta cikin mutunci.

zaki_root:
kuma a shiga BIOS a kunna C-states da ASPM, saitunan rage cin wuta, a sa manhajar powertop a ga ko furosesa na kaiwa barci mai zurfi na C8 ko a C3 yake maƙale. kati ɗaya marar kyau ya isa ya hana shi barci. in SATA bai isa ba kati mai ASM1166 ya fi mai JMB585 a wannan fannin, manyan katin haɗa diski na HBA na tsoffin saba kuwa su kaɗai sai su ja kusan wat 10 ga zafi. katin netwok na waya mai 10G ma haka, in ba ka da buƙata bar shi, 2.5G ya isa

Baban_Ilham:
Jama'a ga rahoto. Jiya da dare kafin in sayi komai na ce bari in gwada maganganunku a kan tsohuwar. Na cire katin hoto tunda ba allo a jikinta, mita ta sauko daga 68 zuwa 49, ban taɓa zaton shi ke wannan ɓarnar ba. Na cire diski ɗaya mafi tsufa, shi ne ma mai ƙwas ƙwas ɗin, lamba 197 ɗinsa ba sifili ba ce Malam zaki, na kwashe abin da ke kai tukuna. Na kunna abubuwan BIOS, na zare ƙananan fankoki biyu na bar babbar, na sauke ta daga tebur na ɗora kan tsohon soso kamar yadda Malam Habu ya ce. Yanzu wat 34 in diski na juyawa, kuma maman yara ta shigo falo ta tambaye ni ko na kashe ta ne. To yanzu kuma na rikice, in ci gaba da wannan in sayi diski biyu kawai, ko in haɗa N100 ɗin?

Sadi_Lantarki:
34 da 15 bambancin wat 19 ne, yunit 166 a shekara. Ka raba kuɗin bod da RAM da akwati da kuɗin yunit ɗin nan ka ga shekara nawa. Ni a ganina ka riƙe ta har ta gaji.

Kabiru_Linux:
Ni kuma na ce tsohon akwatin wuta mai shekaru ba abin da zan jingina sabbin diski biyu a kansa ba ne, in ya tashi tafiya yana iya tafiya da su. Ko shi kaɗai ka canza.

Bilkisu_Dev:
Ku dai kuna son abu mai juyawa ne kawai.

Dattijo_Unix:
Baban Ilham, diski biyun da suka rage a cikinta sa'annin wanda ka cire ne? In haka ne kafin ka sake kwance ko kusa ɗaya ka kwafe komai a na USB ɗin nan, ka buɗe hotuna goma daga ciki ka tabbata suna buɗuwa. Ka yi ko ba ka yi ba?

Baban_Ilham:
Yana kan yi Baba, kashi 41 yanzu, ya ce saura awa biyar.

danPi:
oga katin hoton da ka cire fa, in ba ka so ina so